Tambaya da Amsa: Farfaɗo da Tsofaffin Injinan Sassaƙar Ƙarfe a Gida

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: tsofaffin injinan aikin ƙarfe irin su Myford da Boxford da Colchester na Ingila, da South Bend da Atlas da Bridgeport na Amurka, waɗanda mutane ke saya a tsufansu su kai ɗakin aikinsu na gida. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna. Don mu fahimci juna: gado shi ne doguwar gangar jikin injin, layuka su ne gogaggun fuskokin da ke samansa, sirdi shi ne abin da ke zamiya a kansu ɗauke da wuƙa. Kai yana hagu da babban shaf da cok mai riƙe aiki, wutsiya mai tallafar ɗaya bakin aikin tana dama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu injin Myford ML7 da ya daɗe a ajiye. Tsatsa ta rufe gadon, fenti duk ya ɓare. Niyyata in warware shi gaba ɗaya, in goge shi da samfefa, in yi masa sabon fenti. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye sifana da samfefar nan tukuna. Injin da aka warware ba ya iya faɗa maka inda yake ciwo, sai yana haɗe ake gane abin da ya ci da abin da ya rage. An fara ƙera ML7 a 1946, kuma layukan gadonsa yawanci ƙarfen zubi ne da ba a ƙona ya taurare ba, saboda haka samfefa tana cin sa da sauri. Duk abin da ta cire ya tafi ke nan, kuma ba ta cirewa daidai: tana zagaye gefuna, tana barin kwari inda hannu ya fi dannawa, ƙwayoyinta kuma suna maƙalewa cikin ƙarfen su ci gaba da cin sirdi.

Ga yadda ake buɗe layukan. Ka jiƙa su da kananzir haɗe da ɗan mai, su kwana. Washegari ka ɗauki sabuwar reza mai baki ɗaya, ka kwantar da ita sosai, ka riƙa tura tsatsar gaba. Tsatsa tana kumbura ne ta hau saman ƙarfe, rezar za ta aske ta ba tare da ta taɓa lafiyayyen ƙarfen ba. Abin da ya saura ka bi shi da soson goge ƙarfe mafi laushi da mai, tare da tsawon layin, ba a gicciye ba. Baƙin tabo zai rage, ka ƙyale shi, launi ne kawai. Ƙananan ramukan tsatsa ma ba sa hana aiki, mai ne zai zauna a cikinsu. Inda wani abu ya faɗo ya tayar da ƙulli, ka shafe ƙullin kaɗai da ɗan dutsen wasa mai laushi. Kada ka ja sirdin a kan tsatsa ko da taƙi ɗaya kafin ka gama wannan.

Sai awo. Layukan ML7 a shimfiɗe suke, don haka maikiromita, wato ma'aunin kauri mai sukuru, na kama su cikin sauƙi. Ka auna kauri da faɗin layin gaba a kowane milimita 50, ka kwatanta da can ƙarshen dama inda sirdi ba ya zuwa, domin nan ne ma'aunin asali yake. Sannan ka kawo sirdin kusa da cok, ka ɗaure sukurun kulle shi har ya fara ɗan jan ƙafa, ka tura shi zuwa wutsiya. Inda ya cije, nan cin ya ƙare. Ka rubuta duk wannan a littafi, har da yawan wasan kowane hannun juyawa.

Idan lokacin warwarewa ya zo, sashe ɗaya a lokaci ɗaya: ka gama wutsiya ka mayar, sannan ka taɓa sirdi. Ka ɗauki hoto kafin kowane mataki, sukurori kuma a jaka mai suna. Abubuwa biyu ne suka fi jawo fashewar ƙarfen zubi a hannun sabon shiga. Na farko fil mai tsini: bakinsa ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan, kuma ta ƙaramin bakin ake bugo shi. Ka goge bakunan biyu ka auna kafin ka ɗaga guduma. Na biyu sukurun da aka ɗora a kan wani sukurun cikin rami guda. Ka cire na sama ka leƙa, sau da yawa akwai wani a ƙasa yana riƙe da shaf. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci.

TAMBAYA: Na ji ana cire tsatsa da cajar batir da ruwa. Da gaske ne? Kuma ya fi jiƙawa a asid?

AMSA: Da gaske ne, kuma ga ƙarfen zubi da baƙin ƙarfe mun fi son sa, domin asid ba ya tsayawa idan tsatsa ta ƙare, yana ci gaba da cin lafiyayyen ƙarfe, wannan hanyar kuwa ba ta taɓa shi.

Ka samu babbar roba, ka zuba ruwa, ka narkar da sodar wanki, babban cokali ɗaya a kowace lita 4. Idan sodar burodi ce kawai a hannunka, ka gasa ta awa ɗaya a zafin digiri 200, za ta koma sodar wanki. Ka jera guntayen rodi ko fallen baƙin ƙarfe a kewayen robar ta ciki, ka haɗe su da waya. Abin da za ka wanke ka rataye shi a tsakiya da wayar ƙarfe, kada ya taɓa rodin. Baƙar wayar caja, wato nagatif, ita ce ke zuwa jikin aikin. Jar waya tana zuwa rodi, kuma kan maƙalinta kada ya taɓa ruwa, in ba haka ba zai narke. Idan ka juya wayoyin, aikinka ne zai cinye, rodin ya fito fes. Caja mai bolt 12 ta isa, amfiya 2 zuwa 6. Sababbin cajoji masu ƙwaƙwalwa sukan ƙi tashi idan ba su ga batir ba, tsohuwar caja mai taransifoma ta fi dacewa. Cikin mintuna za ka ga ƙananan kumfa na tashi daga jikin aikin. Awa 12 zuwa 24 yakan isa. Wutar tana bin miƙaƙƙiyar hanya, don haka fuskar da ba ta kallon rodi ba za ta wanku sosai ba, sai ka juya aikin.

Idan ka ciro zai fito da baƙin datti. Ka goge da buroshi a ruwa, ka busar da shi nan take da iska mai zafi, ka shafa mai. Ƙarfen da ya fito daga wannan wanka yana iya yin ja cikin mintuna kaɗan.

Hattara da abu huɗu. Kumfar nan iskar haidurojin ce, tana kama wuta, saboda haka a fili ake yi, kuma ka kashe caja kafin ka taɓa maƙalai. Kada ka yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, yana sakin gubar kuromiyom cikin ruwan. Kada ka sa gishiri a madadin soda, yana fitar da iskar kulorin. Kada kuma ka tsoma alminiyom, ko allon sunan injin, ko sifirin, ko giyoyin Atlas waɗanda aka zuba da haɗin tutiya. Ruwan soda yana cin alminiyom da tutiya, sifirin kuma yana iya yin gautsi ya karye.

TAMBAYA: Idan na sassaƙa sanda a injina, bakin da ke nesa da cok yana fin na kusa kauri da kusan milimita 0.08 a tsawon milimita 150. An ce mini gadon ya cinye, sai an kai shi an nika. Haka ne?

AMSA: Wataƙila, amma kada ka yarda tukuna. A cikin injinan gida da ke fitar da aiki mai tsini, murɗewar gado ta fi cinyewarsa yawa, kuma gyaranta ba ya buƙatar komai sai ɗan fallen ƙarfe da haƙuri. Ƙarfen zubi yana lanƙwasa fiye da yadda ido ke zato. Idan aka ɗaure injin a kan teburin da bai daidaita ba, gadon zai bi teburin.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai tsohon inji ya riƙe. Idan cin gado ya sa wuƙa ta sauka da milimita 0.1, a kan sanda mai kaurin milimita 25, kuskuren da zai bayyana a kaurin aikin bai kai milimita 0.001 ba. A kan siririyar sanda mai milimita 6, zai kai wajen 0.003. Wato saukar wuƙa kusan ba ta da illa. Amma idan wuƙar ta ja baya daga aikin da milimita 0.02 kacal, kaurin zai ƙaru da 0.04, domin ana yanka ne ta kewaye, kuskuren yana ninkuwa. Murɗewa kuwa abin da take yi ke nan: tana karkatar da sirdi, wuƙar da ke can sama ta matsa gaba ko baya. Cin gado ma yana yin illa ne idan layin gaba ya fi na baya cinyewa, har sirdi ya karkata.

Ga gwajin. Ka sassauta notukan ƙafafun injin. Idan kana da lebur na masu injina, mai nuna milimita 0.02 a mita ɗaya, ka ɗora shi a gicciye kusa da kai, sannan kusa da wutsiya. Ba dole kumfar ta tsaya a tsakiya ba, abin da ake so ta tsaya wuri ɗaya a duk bakunan biyu. Lebur ɗin magina ba zai ga wannan ba. Daga nan ka kama sandar ƙarfe mai laushi, kauri milimita 30 zuwa 40, ta fito daga cok da milimita 150, ba tare da tallafin wutsiya ba. Ka rage tsakiyarta da kamar milimita 1, ka bar zobe biyu masu faɗin milimita 10, ɗaya kusa da cok, ɗaya a baki. Da wuƙa mai kaifi sosai ka yi yanka mara nauyi, milimita 0.03 ko ƙasa da haka, a kan zoben biyu ba tare da ka taɓa hannun shigar da wuƙa ba. Wuƙa dakusasshiya tana tura sandar baya ta ba ka sakamakon ƙarya, kuma siririyar sanda ma haka take yi.

Idan zoben baki ya fi kauri, kamar naka, ka sa shim, wato siririn fallen ƙarfe, a ƙarƙashin ƙafar gaba ta ɓangaren wutsiya. Idan ya fi siranta, a ƙarƙashin ƙafar baya. Ka fara da milimita 0.1, ka ɗaure, ka sake yanka, ka sake awo. Bambancin 0.01 zuwa 0.02 a wannan tsawon abin karɓa ne ga injin gida. Bayan mako biyu ka maimaita, domin ƙarfen da ya daɗe a murɗe yana saki ne a hankali, teburin katako kuma yana motsi da danshi.

Idan lebur ya nuna gado ba murɗewa amma tsinin na nan, ka duba wasan babban shaf, sannan ka duba ko akwai datti ko ƙulli a ƙarƙashin kai, musamman idan an taɓa cire shi. Tsinin da ke fitowa idan aiki na tsakanin kai da wutsiya kuwa wani abu ne daban: wutsiyar ce ta goce. Idan bakin wutsiya ya fi kauri da 0.06 a tsawon sandar, ka matso da ita wajenka da 0.03, wato rabi.

TAMBAYA: Cok ɗin South Bend ɗina ya ƙi kwancewa. Wani ya ce in sa giyar baya, wato giyar rage gudu da ke bayan kai, ta kulle shaf, in doki cok da guduma.

AMSA: Kada ka yi. Wannan shawarar ce ta sa tsofaffin injina da yawa ke da giɓi a giyar baya. Haƙoran ƙarfen zubi ne, kuma duka ɗaya yana sauka ne a kan haƙori ɗaya ko biyu.

Bakin shaf na South Bend mai inci 9 tiredi ne na dama, kaurin inci ɗaya da rabi, zare 8 a inci. Idan ka tsaya a gaban injin, saman cok wajenka zai zo idan yana kwancewa. Ka cire wuta, ka shimfiɗa katako a kan gado. Ka ɗiga man sassauta tsatsa a mahaɗar ta baya da kuma ta cikin ramin cok, safe da yamma, kwana uku ko huɗu. Sannan ka kama guntun ƙarfe mai kusurwa shida a cok, ka sa masa doguwar sifana, wani ya riƙe fuli da tsohon bel da aka naɗe aka murɗa da sanda. Ka buga bakin sifanar da gudumar katako, duka gajere mai zafi. Girgiza ce ke kwance irin wannan, ba jan ƙarfi ba. Kada ka sa makullin cok a raminsa ka doke shi, za ka fasa ramin. Idan ya ƙi, ka ɗumama farantin bayan cok da iska mai zafi ka sake gwadawa. Idan har yanzu ya ƙi, ka kwance cok daga farantinsa, ka sassaƙe farantin da injin kansa har ya rage siririn zobe, zai saki. Ana iya yin sabon faranti a gida, giyar baya kuwa samunta wuya.

Nan gaba ka wanke tiredin biyu, ka ɗiga mai, ka ɗaura cok da hannu a hankali. Kada ka taɓa murza shi ya buga da ƙarfi, kada kuma ka ɗaura shi da moto.

TAMBAYA: Injina yana da kawunan shan giris ko'ina, na cika su da giris. Yanzu sirdi ya yi nauyi, kai kuma yana zafi. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: Malam, kawunan nan sun yi kama da na giris, amma a Myford, da kuma layukan injin milin na Bridgeport, na mai ne. Giris yana toshe ƙananan hanyoyin da aka huda cikin ƙarfen, yana kuma kama ɓarɓashin yanka ya zama kamar ƙullun niƙa. Babu gajeriyar hanya: sai ka cire sirdi, ka bi kowane rami da siririyar waya da kananzir har ruwa ya fito ta ɗaya bakin, ka sake sabon matsattsen ulun da ke share layuka a gaban sirdi da bayansa.

Mai iri biyu ne za su ɗauke maka yawancin aikin. Na layuka mai lambar kauri ISO 68 wanda aka yi domin layukan inji, yana da danƙon da ke hana shi zubewa. Na babban shaf mai bushin kuma siriri ne, ISO 22 zuwa 32. Man haidurolik 32 yana yi. Ka guji man injin mota, domin an yi shi ne ya riƙe datti yana yawo da shi zuwa filta, injinka kuwa ba shi da filta. Ka guji man giyar mota mai warin farar wuta, wasu irinsa suna cin tagulla, kuma wasu daga cikin bushin da notukan injinka tagulla ne. Buɗaɗɗun giyoyin bayan inji kaɗai ne ke karɓar mai mai kauri.

Zafin kai kuwa a tsaya a kansa, domin shaf da ya ƙone ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ka daina kunna injin. A South Bend akwai lagwani a ƙarƙashin kowane bushin, da sifirin da ke tura shi ya taɓa shaf. Idan ya tsufa yana taurarewa kamar itace, kofin mai a cike amma shaf a bushe. Sai an zare shaf an sake shi. Wajen mayarwa, ka danne lagwanin ka tare shi da siririyar waya ta ramin da ke saman kofin, in ba haka ba shaf zai yanke shi yana shiga. A ML7 kuma kofunan ɗigo ne a sama, ka tabbata suna ɗiga.

Sannan ka auna wasa. Ka ɗora agogon awo a saman bakin shaf, ka zura sanda cikin ramin shaf, ka danna ƙasa don mai ya matse, ka mayar da agogo sifiri, ka ɗaga da ƙarfin kamar kilo 30. Wasan milimita 0.02 zuwa 0.04 shi ne lafiyar bushin irin wannan. Idan ya yi ƙasa da haka mai ba zai samu wurin zama ba, sai zafi. Idan ya wuce, sai karkarwa a fuskar aiki, musamman wajen yanke sanda. Ana daidaitawa da shim ɗin da ke ƙarƙashin murfin bushin. Na ML7 falle-falle ne a manne, kowane falle kusan milimita 0.05, ana ɓare shi da bakin wuƙa. Kada ka rage wasa ta hanyar ƙara ɗaure murfin da ƙarfi, yana iya tsagewa. Bayan gyara ka bar injin ya yi gudu minti 20. Ɗumi ba laifi, amma idan tafin hannunka ba zai iya zama a kan murfin ba, ya matse da yawa.

TAMBAYA: Wasu sukurori sun ɓace, na sa na milimita, suna shiga zagaye biyu su cije. Haka kuma giya ɗaya ta ɓata a cikin giyoyin yanka tiredi. Yaya zan gane irin da zan nema?

AMSA: Ka daina tura su, kana lalata ramukan. Tsofaffin injinan Ingila suna amfani da tiredin Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55: BSW mai manyan zare, BSF mai ƙanana. A ƙananan sukurori kuma BA ne, wani tsari daban mai digiri 47.5. Na Amurka digiri 60 ne, UNC da UNF. Na milimita ma 60 ne amma tazarar daban. Sukurun M6 yana da tazarar milimita 1, na kwatan inci mai zare 20 kuwa kaurinsa 6.35, tazararsa 1.27, shi ya sa yake yaudararka da zagaye biyu. BSW da UNC sukan yi daidai a yawan zare, amma a rabin inci sun rabu: BSW 12, UNC 13. Ka ciro lafiyayyen sukuru daga wani wuri a injin, ka auna kaurinsa, ka gwada shi da ma'aunin tiredi mai kama da mataji.

Giya kuma ka ɗauki ɗaya daga cikin 'yan'uwanta, ka ƙirga haƙora, ka ƙara 2, ka raba da faɗinta a inci. Giya mai haƙora 40 da faɗin inci 2.1 ta ba da 20, lambar girman haƙorinta ke nan, kuma ita ce ta giyoyin Myford. Akwai kuma kusurwar haƙori: tsofaffin injina yawanci digiri 14.5, sababbin giyoyi 20. Ko lamba ta zo ɗaya, idan kusurwa ta bambanta za su yi ƙara su ci juna. Wajen haɗa su ka sa fallen takarda tsakanin haƙora, ka ɗaure, ka zare takardar, wasan da ya rage ya isa.

Idan kana son yanka tiredin milimita a injin inci, giya mai haƙora 127 ce ke ba da daidai, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato 127 a raba da 5. A wannan aikin ba a buɗe notin da ke kama doguwar sukurun jan sirdi har a gama. Ka janye wuƙa, ka mayar da moto baya a hankali.

TAMBAYA: Na gaji injin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ina so in cire tsohon fentin a tsakar gida, ga yara. Akwai matsala?

AMSA: Amin, Malama, Allah ya gafarta masa. Akwai. Tsohon fentin injina sau da yawa yana da dalma, ƙurarta kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara, ko da kaɗan ce. Kada ki goge shi a bushe, kada ki ƙona shi. Ki yi amfani da maganin cire fenti, ki kankare yana jiƙe a kan leda, ki naɗe ki kawar, yara kuma su yi nisa har a wanke wurin. Inda fentin ya kama da kyau, ki wanke maiƙon kawai ki yi sabo a kansa. Abin da za ki gani a ƙarƙashi mai kama da busasshen yumɓu cikon masana'anta ne da ke rufe kaushin zubi, ki bar shi.

TAMBAYA: Moton injina na wuta mai layi uku ne, gidana layi ɗaya. In canza moto?

AMSA: Ka karanta allon moton tukuna. Idan an rubuta lamba biyu kamar 220 da 380, ko 240 da 415, za a iya sauya haɗin wayoyinsa shida daga tauraro zuwa dalta, a sa masa na'urar VFD mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Wannan ya fi canza moto: moton layi uku ya fi santsin gudu, fuskar aiki tana fin kyau, ga sauya gudu da ɗan maɓalli. Moto mai gudu biyu, ko wanda bolt 380 ko 415 kaɗai yake karɓa, shi ne mai wahala, sai mai naɗin kwayil ya duba shi.

Kafin komai a gwada rufin kwayil da mega, wato na'urar gwada rufin waya, a bolt 500. Ƙasa da megohom 1, a busar da shi a sake gwadawa. A sake duk tsofaffin wayoyi masu rufin roba ko zane, a haɗa jikin injin da wayar ƙasa. Daga VFD zuwa moto kada a sa kowane makunni a tsakani, yanke wuta a nan yana ƙona na'urar. Tsohon makunnin injin a mayar da shi kan ƙananan wayoyin umarni. Ka shigar da amfiyar da ke allon moto cikin na'urar. Kada ka daɗe kana aiki mai nauyi ƙasa da haz 25 a ma'aunin gudun VFD, fankar moton ba ta sanyaya shi a wannan gudun. Idan cok ɗinka na tiredi ne, ka sa lokacin tsayawa ya kai daƙiƙa 4 ko 5, domin birki mai kaifi yana iya kwance shi yana cikin gudu.

TAMBAYA: Na tabbatar gadon ya cinye da gaske. Zan iya kankare shi da hannu a gida?

AMSA: Ana yi, amma ba da gado ake koyo ba. Kankara aiki ne na kwatance: a shafa shuɗin fenti mara bushewa siriri a kan abin da aka tabbatar a miƙe yake, a goga aikin a kai, inda shuɗi ya kama nan ne tudu, a kankare shi, a share ƙulli da dutse, a maimaita, kowane zagaye ana gicciya na baya. Kowane jan makankari yana cire 'yan kashi cikin dubu na milimita ne kawai. Ana neman ɗigo 15 zuwa 20 a kowane murabba'i mai tsawo da faɗin milimita 25, a warwatse daidai. Ke nan kana buƙatar dutsen awo da miƙaƙƙen ma'auni da ya kusa kai tsawon wurin da za ka gyara. Idan ma'aunin ya fi aikin gajarta, za ka samu ɗigo masu kyau a kan gado mai lanƙwasa. Ka koya a kan guntun ƙarfen zubi, sannan mazamin gicciye na sirdi, wanda gyaransa kaɗai yakan kawar da karkarwa da yawa.

Gadon da aka ƙona ya taurare, kamar na yawancin Colchester na baya-baya, makankari ba ya kama shi, sai injin niƙa. Kuma niƙa gado rabin aiki ne. Idan an cire milimita 0.3, aka kuma gyara cin da ke ƙarƙashin sirdi, sirdin zai sauka ƙasa, notinsa ya daina fuskantar doguwar sukuru, ƙaramar giyarsa ta daina kama haƙoran gado daidai. Ana cike wannan giɓin da fallen Turcite, wata roba mai santsi da ake mannawa a ƙarƙashin sirdi, a kankare shi har ya dawo tsayinsa na asali. Tsarin aikin shi ne gado, sai kai, sai sirdi, wutsiya a ƙarshe, kuma ita ana barin ta sama da tsakiyar shaf da kamar milimita 0.02, domin ƙasa take yi idan ta fara ci.